Ƙaura da Rubutun Gunduma Daga Wata Manhaja Zuwa Wata

Jawabin da aka yi wa hakimai da dagatai da malamansu a Zakirai

  Na san da yawa daga cikinku sun baro aiki a gida don su zo wannan taro, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Abin da ya tara mu yau shi ne maganar rubutun ofishin hakimi wanda yanzu yake zaune cikin wayoyin hannu. A da, in malami ya bi hakimi rangadi, littafi da alƙalami ne a aljihunsa. Yau kuwa waya yake cirowa, ya rubuta abin da aka yanke, ya ɗauki hoton iyakar gona, ya naɗi muryar shaidu, ya adana su duka cikin wata manhaja, watau irin tsarin nan da ake sa wa waya don ta yi wani aiki. Wannan abu ya rage wahala ƙwarai. Amma fa akwai ranar da waya za ta tsufa, ko manhajar ta canza sharaɗinta, ko a yi wa malami canjin wurin aiki, dole a kwashe rubutun a kai shi wani wuri. A wannan rana ce ake yin hasara, kuma ita nake so mu yi wa shiri tun ba ta zo ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙaurar da aka yi a baya

Ranku ya daɗe, rubutun ƙasar nan ya sha ƙaura. Kafin zuwan Turawa, wasiƙun sarakuna da hukuncin alƙalai da Larabci ake rubuta su, Hausa kuwa da ajami. Bayan da Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu 1903, a zamanin Sarki Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, aka umurci hakimai su bar birni su zauna cikin gundumominsu, aka kafa baitulmali, aka kuma fara aikin taki a ƙasar da ke kewaye da birni, inda malaman taki suke auna gona da ƙafa, su rubuta sunan mai ita da girmanta, don a yanka haraji bisa ga awo. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa, daga nan boko ya fara shiga ofis, sannu a hankali littattafan En'e suka koma cikinsa. Shi kansa bokon sai da aka gyara shi. Haruffan nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, a shekarun 1930 suka zauna, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairu 1939, ta taimaka wajen sabar wa jama'a da su.

Bayan wannan ma an yi ta sauyi. Ran 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam 1 ya zama naira 2, sule 1 ya zama kwabo 10. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aikin da a da yake hannun En'e ya rarrabu. A 1978 aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar riƙon ƙasa ta gargajiya a karkara. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, littattafan da ake sabuntawa kowace shekara aka daina buɗe su. Ran 27 ga Agusta 1991 aka cire Jigawa daga Kano, maƙwabtanmu na Ringim suka koma wata jiha, alhali kuwa dangi da gonaki da auratayya ba su rabu ba.

Duk wanda ya taɓa neman tsohuwar takarda a ofis ya san abin da irin waɗannan sauye-sauye suka haifar. Littafin da aka kwafe da kula, aka ajiye na asali a gefe, har yau yana raba gardama. Wanda aka kwafe da gaggawa aka yar da tsohon kuwa, ba a san inda kuskure ya shiga ba, balle a gyara. Abin da ya tsira daga takardun wancan zamani, mafi yawa a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yake, da Gidan Arewa, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, kuma ya tsira ne don an sami waɗanda suka ƙirga, suka jera, suka rubuta suna a bayan kowane fayil. Aikin da ke gabanmu yau irin wannan ne, kayan aikin kaɗai suka canza.

Abin da ke tilasta ƙaura

Wani zai ce, to, in manhajata tana aiki, me zai sa in taɓa ta? Amsa ita ce, manhaja gidan aro ce, mai gida kuwa yana iya canza sharaɗi ran da ya so. Ga misalai waɗanda suka faru.

Manhajar Evernote, wadda mutane da yawa a duniya suka tara rubutun shekaru a cikinta, wani kamfanin ƙasar Italiya mai suna Bending Spoons ya saye ta, cinikin ya kammala a farkon 2023. A watan Disamba na wannan shekara aka ƙayyade wa masu amfani da ita kyauta rubutu 50 da littafi 1. Wanda yake da fiye da haka ba a share masa ba, amma ba shi da damar ƙara sabo sai ya biya. WhatsApp, wadda kusan kowa a nan yake aiki da ita, ta daina aiki a wayoyin BlackBerry na da a ƙarshen 2017, ta daina a wayoyin Windows a ƙarshen 2019, kuma takan bar tsofaffin wayoyi a baya lokaci lokaci. Kamfanin Google ya ba da sanarwa cewa daga Disamba 2023 yana iya share asusun da aka shekara 2 ba a buɗe shi ba, tare da abin da ke ciki. Har wa yau, wurin ajiyar da yake bayarwa kyauta gigabait 15 ne, kuma wasiƙu da hotuna da fayiloli duka a cikinsa suke tarayya. In ya cika, sabon abu ba ya hawa, mai waya kuwa yana zaton an adana masa.

Akwai kuma maganar layi. Tun Disamba 2020 Gwamnatin Tarayya ta ce a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, aka kuma rufe layukan da ba a haɗa ba. Layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba, kamfani yakan karɓe shi ya ba wani. In da wannan layi aka buɗe asusun da rubutun gunduma yake ciki, to, mabuɗin ofishinku ya koma hannun baƙo.

Darasi daga Ingila

Bari in kawo muku labarin wani littafi da ya yi kama da littafin taki. A shekarar 1086 Sarkin Ingila Wiliyam ya sa aka rubuta ƙasarsa, gari gari, da sunan mai riƙe da kowace gona, da dabbobi, da abin da za ta iya biya. Ana kiran littafin Domesday. A kan fata aka rubuta shi da tawada, yana nan har yau a gidan adana takardu na Kew a Landan, ana kuwa karanta shi. A 1986, don tunawa da cikarsa shekara 900, gidan rediyon BBC ya shirya wani sabo, yaran makaranta masu yawa suka taimaka da rubutu da hotuna, aka zuba shi cikin faifai biyu na zamani waɗanda sai da wata na'ura ta musamman ake buɗe su. Kafin shekarar 2002 na'urorin sun kusa ƙarewa, har sai da masana daga jami'ar Lids da ta Mishigan suka yi aiki mai wuya kafin a ceto abin da ke ciki. Na fata ya haura shekara 900, na faifai bai cika 20 ba ya shiga haɗari. Dalili kuwa, na farko ido kaɗai yake bukata, na biyu sai da kayan wani kamfani. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen duk shawarar da zan bayar.

Abubuwa biyar da kan ɓace a hanya

Na ɗaya, abin da aka maƙala wa rubutu, watau hoto da murya da takardar da aka ɗauka. Ga ido, hoton yana cikin rubutun. A cikin waya kuwa, sau da yawa hoton yana wata jaka dabam, rubutun yana riƙe da sunansa da inda yake ne kawai, kamar yadda malami kan rubuta a littafi, a duba taswira ta 12 a akwati na biyu. In aka ɗauki littafi aka bar akwati, ko aka canza wa taswirar lamba, maganar ta zama banza. Wannan ita ce hasarar da ta fi yawa.

Na biyu, kwanan wata. Wasu manhajoji, in aka shigar musu da tsohon rubutu, sai su buga masa ranar da ya shigo. Rubutun shekara 5 sai ya zama duk rana ɗaya aka yi shi. A shari'ar gona kuwa, wanda ya riga wani shi ne rabin magana.

Na uku, haruffanmu masu lanƙwasa. In tsarin haruffan tsohuwar manhaja da na sabuwa bai zo ɗaya ba, sai ɓ da ɗ da ƙ su koma alamar tambaya ko wani shirme, wani lokaci kuma mai gyara ya mai da su b da d da k. Kada a raina wannan. Gaɓar rafi dabam, gaba da rafi dabam. Ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, haka baƙi da baki. Tsarin da ke riƙe haruffanmu daidai sunansa UTF-8, in an ba ku zaɓi shi za ku zaɓa.

Na huɗu, jeri. Wanda ya kasa rubutunsa littafi littafi, na gado dabam, na iyaka dabam, na haihuwa da mutuwa dabam, yana iya tarar da su a sabon wuri an zube su tuli ɗaya.

Na biyar, kyan hoto. In aka aika hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar takan matse shi don ya yi sauƙin tafiya, ta kuma cire bayanin da ke ɓoye cikinsa na ranar ɗauka. Hoton biki ba ya damuwa da haka. Hoton tsohuwar takardar ajami kuwa, in aka matse shi sau biyu sau uku, wasali da ɗigo sai su narke, har a kasa bambanta suna da suna. In dole ne a aika, a aika shi a matsayin takarda, don ya isa yadda yake.

Abin da na gani da idona

A wata gunduma da na yi aiki, wasu 'yan'uwa biyu suka yi jayayya kan iyakar gonar da suka gada. Kun san yadda ƙasarmu take, gona na jikin gona, ba daji ba saura, taku 3 ma abin a kai ƙara ne. Hakimi ya tura wakili da malami, aka tara dattawan unguwa, aka bi layin gamba daga gindin wata kuka zuwa wata ɗorawa, kowa ya yarda. Malamin yaro ne mai himma. Ya rubuta sulhun a waya, ya ɗauki hoton kowace kusurwa, ya naɗi muryar wani tsoho wanda ya ga rabon farko da idonsa.

Bayan shekara biyu ya sayi sabuwar waya, ya ba wani yaro mai gyara ya kwashe masa kaya, ya duba ya ga rubutu ya zo, sai ya sayar da tsohuwar a ranar. Da rigimar ta sake tashi aka buɗe rubutun, sai aka tarar inda hotuna suke babu komai sai fili. Hotunan suna cikin wayar, amma sun gauraya da wasu fiye da dubu, ba suna sai lamba, kuma gindin kuka duk kama ɗaya gare shi. Muryar ba ta zo ba sam, tsohon kuwa Allah ya yi masa rasuwa. Gamban ma an nome wani sashe. Abin da ya rage shi ne layi biyu da malamin ya rubuta a littafin ofis. Sai da aka sake zaman daga farko, damina guda gefen nan na gonar ba wanda ya shuka, zumunci kuma ya yi rauni. Ba wanda ya yi niyyar cuta a cikin wannan al'amari. Gaggawa ce da rashin ƙirga.

Yadda za a yi aikin

Malamai, yanzu da ku nake. Ga matakai takwas, a bi su bi da bi, kada a tsallake ko ɗaya.

1. A ƙirga kafin a taɓa komai. A ɗauki littafin ofis a rubuta: rubutu nawa ne, littafi nawa, hoto nawa, murya nawa, na farko wace rana, na ƙarshe wace rana. Iyayenmu da suka yi aikin gyaɗa sukan ƙirga buhu wurin lodi, su sake ƙirgawa wurin saukewa. Wanda bai ƙirga a farko ba, ba shi da hanyar sanin abin da ya faɗi.

2. A gyara suna tun a tsohon gida. Kowane hoto da murya mai muhimmanci a ba shi suna da ke faɗin abin da yake: shekara, wata, rana, gari, al'amari, lamba. Misali, 2024-03-15 Zakirai iyakar gona 01. In aka fara da shekara, fayiloli da kansu za su jeru bisa ga tsufa. Sa'an nan a rubuta wannan suna cikin jikin rubutun, don ko igiyar da ta haɗa su ta tsinke, mutum ya iya ɗaurawa da hannu.

3. A rubuta kwanan wata cikin jikin kowane rubutu, a layin farko, na Miladiyya da na Hijira in da hali. Abin da aka rubuta da hannu a ciki yana tafiya tare da rubutun, abin da manhaja ta buga a gefe kuwa ba shi da tabbas.

4. A fitar da kwafi cikakke ta hanyar da manhajar ta tanada, a ajiye shi gefe, kada a buɗe shi don gyara. Wannan shi ne na asali. In za a yi aiki, a yi a kan kwafinsa.

5. A gwada da kaɗan. A zaɓi rubutu 10, a tabbata akwai mai hoto, da mai murya, da mai takarda, da mai haruffa masu lanƙwasa, da mafi tsufa. A shigar da su sabuwar manhaja, a buɗe kowane hoto, a saurari kowace murya har ƙarshe. In goman nan ba su zo lafiya ba, dubu ma ba za su zo ba.

6. A kwashe sauran littafi littafi, ana ƙirgawa ana gwadawa da abin da aka rubuta a mataki na ɗaya. A yi shi inda akwai wuta da intanet mai ƙarfi, don in aiki ya yanke a tsakiya, yakan bar rabi ko ya ninka wasu.

7. Kada a gyara magana ana cikin ƙaura. In tsohuwar takarda ta ce fam 6, a bar ta fam 6, in ta ce eka, a bar ta eka. Wanda yake so ya nuna naira ko hekta ya rubuta a ƙasa, ya sa sunansa da rana. Mai kwafi ba alƙali ba ne.

8. Kada a share tsohon wuri, kada a sayar da tsohuwar waya, sai an yi wata 3 ana aiki da sabon ba a nemi wani abu an rasa ba, kuma sai mutum na biyu ya duba ya sa hannu a littafi.

Hanyar kowace manhaja

Gwamnati ba ta tallar kayan kowane kamfani, amma ya kamata ku san ƙofar fita ta waɗanda aka fi aiki da su. Mai Google Keep zai bi ta shafin Google Takeout, a ba shi ƙunshi guda wanda kowane rubutu yake ciki iri biyu, HTML wanda ido ke karantawa da JSON wanda na'ura ke karantawa, hotuna da muryoyi kuma suna gefe a jaka ɗaya. Kada a raba su, kada a canza musu suna bayan sun fito. Mai Evernote sai ya sami kwamfuta, ya fitar da kowane littafi cikin fayil irin ENEX, wanda yake haɗiye rubutu da hotuna da kwanan wata a cikinsa, sai dai mahaɗin da ke kai mutum daga wani rubutu zuwa wani yakan tsinke. Mai OneNote yana iya fitar da shafuka a kwamfuta su zama PDF ko Word, amma murya ba ta bin takarda, sai an ciro ta dabam. A WhatsApp akwai hanyar fitar da hira guda tare da hotunanta da muryoyinta, amma tana da iyaka, in hira ta yi tsawo na baya-bayan nan kaɗai ke fita. Saboda haka kada a mai da WhatsApp ma'ajiya. Hanya ce, abin da ya iso ta cikinta a sauke shi a ranar. Manhajar rubutu da ke zuwa tare da waya kuwa, sau da yawa abin da ke cikinta a wayar kaɗai yake, in ta faɗa rijiya ya tafi.

Wajen zaɓen sabon gida, tambaya ta farko ita ce, in na so fita, ta ina zan fita, kuma da me? Akwai manhajoji irin su Joplin, wadda kyauta ce kuma tana karɓar ENEX, da Obsidian, wadda take ajiye kowane rubutu a matsayin fayil na rubutu zalla cikin jakar da ke na'urarka, irin wanda ake kira Markdown, kowace kwamfuta kuwa tana buɗe shi. Ko wace kuka zaɓa, ku nemi rubutu ya zama rubutu zalla ko PDF, hoto ya zama JPEG, murya ta zama irin da kowace waya ke kunnawa, kamar MP3. Rubutun ajami kuwa a ɗauki hotonsa da rana a inuwa, a shimfiɗe, sa'an nan a rubuta fassararsa da boko a ƙarƙashi.

Ajiya uku da takarda

Kowane abu mai muhimmanci ya kasance wuri 3: a wayar aiki, a filashi ko kwamfutar ofis, da wani wuri da ba ginin nan ba, ko a intanet ko a hedkwatar ƙaramar hukuma, wadda ga mutanen Gabasawa nan Zakirai take. Gara da ɓera da yoyon damina su ne maƙiyan takarda. Zafin bazara da ƙurar hunturu da ɓarawo su ne maƙiyan na'ura, katin memori kuwa yakan mutu ba sallama. Da wuya su duka su auka wa wuri uku rana ɗaya. Duk wata 6 a buɗe ajiyar a gwada, don ajiyar da ba a taɓa buɗewa ba, zato ce kawai.

Maganar gona da gado da jingina da naɗin mai unguwa kuwa, lalle a buga su a takarda, da hotunan, shaidu su sa hannu ko su dangwala, hakimi ya buga hatimi. Muryar shaida a rubuta abin da ya faɗa kalma kalma, a karanta masa ya yarda tun yana da rai. Ku sani kuma, Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta sa sharuɗɗa kafin manyan kotuna su karɓi abin da aka ciro daga na'ura, ciki har da bayanin na'urar da yadda aka samar da takardar. Malamin da ya rubuta ranar da ya yi ƙaura, da wayar da ya baro, da wadda ya koma, da adadin da ya ƙirga, ya sauƙaƙa wa kansa ranar da za a tambaye shi.

Amana

Rubutun nan asirin talakawa ne: wa ya yi jingina don bashi, wa aka raba aurensa, wa ya gaji me. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu cikin Yuni 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanin mutane nauyin tsare shi, tun kafin doka kuwa addini da al'ada sun ɗora mana. Saboda haka kada a bar waya a shagon gyara a tafi kasuwa. In dole sai an nemi taimako, malami ya zauna a wurin har a gama, ya canza kalmar sirri a ranar. In lokacin rabuwa da tsohuwar waya ya yi, a cire memori, a fita daga asusu, a wanke ta sarai ta koma yadda ta fito daga kamfani.

Roƙona ga iyayen ƙasa

Ranku ya daɗe, abu uku nake roƙo. Na farko, a buɗe asusu da layi da sunan ofis, rubutun gunduma ya daina zama cikin asusun malami na kansa, tare da hotunan iyalinsa. Kalmar sirri a rubuta ta, a rufe a ambulan, ta zauna wurin hakimi. Na biyu, in an yi wa malami canji ko ya yi ritaya, kada a sallame shi sai ya miƙa rubutun waya da ƙirga, kamar yadda ake miƙa mabuɗi da littafin kuɗi, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu gaban shaida. Na uku, a ba malamai lokaci da kuɗin data da na buga takarda. Aikin nan ba ya yiwuwa a tsaye a bakin zaure, kuma abin da za a kashe bai kai kuɗin zaman sulhu guda da aka maimaita ba. Ba sai hakimi ya iya latsa waya ba. Ya isa ya ce, nawa ka ƙirga a can, nawa ka tarar a nan, buɗe mini wannan hoto in gani. Gani ya kori ji.

Malamai, in kun koma gida, tun a makon nan ku yi mataki na ɗaya, ku ƙirga abin da ke hannunku ku rubuta a littafi, ko da ba ku da niyyar canza waya bana. Wanda ya gamu da wata matsala ya rubuto ta hannun hakiminsa, za a duba a ba shi amsa.

 Allah ya ja zamanin Sarki, ya taimaki hakimai bisa riƙon jama'a, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.